Tarihin Beyar a Turai: Wane Wuri Ya Cancanci Kuɗin Tikitinka?

Mu a ƙasar Hausa ba mu da beyar, wato ƙatuwar dabbar nan mai yawan gashi da Bature ke kira bear. Kura muka sani, da zaki da damisa, sai dai wanda ya yi karatun Larabci ya ci karo da sunan dubbu. Amma a Turai wannan dabba ce ta yi zaman doya da manja da ɗan Adam tun kafin a san noma. Sun yi rabon kogo, sun ci naman juna, daga baya mutum ya zana ta a bango, ya sa ta a tutar gari, ya ɗaure ta da sarƙa ya sa ta rawa a kasuwa. Idan kana karatu ko aiki a can, ko ka samu bizar Shengen ta 'yan makonni, kuma aljihunka na tafiya ɗaya ce tak, ga wurare huɗu da za ka zaɓa a ciki. Biza ɗaya ta ishe ka shiga dukansu, tunda Romaniya ma ta gama shiga tsarin a Janairun 2025.

Kafin ka biya ko sisi, san abin da za ka je gani. Yawancin ƙasusuwan da ke cikin waɗannan koguna na wani jinsi ne da ya ƙare kimanin shekara 24,000 da suka wuce, wato beyar kogo. Ta fi beyar yau girma, goshinta a tashe, kuma duk da ƙatuwar haɓarta, ganye da saiwoyi ta fi ci. Da hunturu takan shige kogo ta yi barcin watanni, wadda ba ta tara isasshen kitse ba, ko tsohuwa, ko jaririya, sai ta mutu a nan. Haka ƙashi ya yi ta taruwa shekara bayan shekara. Mutanen da suka fara tsintarsa sun ɗauka na dodanni ne, har ana niƙa shi a sayar a matsayin magani, sai a 1794 wani masanin Jamus, Rosenmüller, ya ba dabbar sunanta na kimiyya.

Wurin da ya fi suna shi ne kogon Chauvet a yankin Ardèche, kudancin Faransa. Mutum uku ne suka gano shi a Disambar 1994, aka sa masa sunan ɗayansu. Zanen da ke bangonsa ya kai shekara 36,000. Akwai beyar da aka zana da jar ƙasa, an fitar da tudun goshin nan sarai, ta yadda masana suka gane irin ta kogo ce. Akwai ramukan da dabbobin suka haƙa suka kwanta, da sawun ƙafa, da karcen farce a bango, wani wurin ma karcen ya bi ta kan zanen da mutum ya yi, wani wurin kuma mutum ne ya yi zane a kan karcen. Ƙoƙon kan beyar da aka ƙirga a ciki ya doshi 200. Ɗaya daga cikinsu yana zaune a kan wani dutse a tsakiyar ɗaki, kuma ba ruwa ne ya kai shi ba, hannu ne ya ɗora shi.

Sai dai fa ba za ka shiga wannan kogon ba. A rufe yake. Faransawa sun ɗauki darasi daga Lascaux, wani kogon zane a ƙasarsu, wanda numfashin 'yan kallo ya lalata har aka rufe shi a 1963. Abin da kuɗinka zai saya shi ne kwafi, Chauvet 2, wanda aka buɗe a 2015 kusa da garin Vallon-Pont-d'Arc. Ginin siminti ne, an kwaikwayi bango da zane da ƙasusuwa, har da sanyi da duhu. Ana shiga rukuni-rukuni bisa sa'ar da aka rubuta a tikiti, zagayen kusan awa ɗaya, ba a ɗaukar hoto a ciki. Jirgin ƙasa bai kai wurin ba. Sai ka sauka a Montélimar ko Avignon ka nemi bas ko ka yi hayar mota, kuma da bazara jama'a kan yi yawa, don haka ka yanki tikiti ta intanet tun da wuri.

Na san akwai wanda zai ce, ni na bar gida na keto duniya don kallon jabu? Da gaskiyarsa. Amma a cikin huɗun nan babu inda zai nuna maka mutum da beyar a ɗaki ɗaya kamar nan. Sauran wuraren ko dai dabbar ce babu mutumin, ko mutumin da guntun ƙashi.

Wanda ya ce shi sai na ainihi, Romaniya ta kira shi. A ƙauyen Chișcău, gundumar Bihor, akwai Peștera Urșilor, ma'ana kogon beyar. A 1975 masu fasa dutsen mabul suka tayar da nakiya, baki ya buɗe, aka tarar da kogon da ya daɗe a toshe. An buɗe wa jama'a a 1980. Tsawonsa kusan mita 1,500, kuma an samu ƙasusuwan beyar kimanin 140. Abin da ido ke gani a nan ba a masana'anta aka yi shi ba. Ga kuma duwatsun da ɗigon ruwa ya gina, wasu sun sauko daga rufi, wasu sun taso daga ƙasa kamar kyandir. Sanyin ciki bai wuce digiri 10 ba ko da bazara, don haka ka riƙe rigar sanyi da takalmi mai kama ƙasa.

Ta fuskar aljihu Romaniya ta fi sauran sauƙi nesa ba kusa ba, kwana da abinci da kuɗin shiga duk da rahusa, kuma kuɗinsu lei ne, ba yuro ba. Wahalar ita ce hanya. Daga Oradea kusan kilomita 80 ne, kuma ba mota a hannu sai an sha zirga-zirga. Naƙasu na biyu ya fi wannan nauyi ga mai neman tarihi, domin kogon na dabba ne zalla, babu zane, babu labarin mutum. Idan kana da kwanaki, ka cike giɓin da zuwa Zărnești kusa da Brașov, inda mafakar Libearty take tun 2005, ana kula da beyar da aka ƙwato daga keji da gidajen wasa. Tafiya ce mai nisa daga Chișcău, ba ta yini ɗaya ba. A wannan yanki na Turai ne aka daɗe ana yawo da beyar gari-gari da zobe a hanci tana rawa ana ba da kuɗi, kusan yadda gardi ke yawo da kura da takunkumi a kasuwanninmu. A Bulgeriya, maƙwabciyar Romaniya, sai a 2007 aka karɓe na ƙarshe daga hannun masu wannan sana'a.

Jamus kuwa ta ɗalibi ce, mai son hujja. A tsaunukan Shwabiya, kudu da Stuttgart, akwai Bärenhöhle kusa da Erpfingen. Wani malamin makaranta ne ya gano ɓangaren farko a 1834, wai battar tabarsa ce ta faɗa wani rami. A 1949 aka gano ɓangare na biyu ta hanyar bin jemage, a nan ne aka tarar da tarin ƙashin beyar. Ƙaramin kogo ne, zagayen ba ya cin lokaci, yara ma za su iya, kuma an haɗa ƙwarangwal guda an tsayar don a ga girman dabbar. Shi kaɗai bai isa a yi masa tattaki ba. Darajarsa tana wajen haɗa shi da kogon Hohle Fels kusa da Schelklingen da gidan tarihi na Blaubeuren, waɗanda jirgin ƙasa daga Ulm ke kai mutum kusa da su. A Hohle Fels aka tono wata gaɓar ƙashin bayan beyar da tsinin makamin dutse a kafe a cikinta, mai shekara kusan 29,000. Ga mai tambayar ko mutanen da sun farauci wannan dabba, amsar ke nan a jikin ƙashi. A arewacin Jamus ma, a Schöningen, an samu ƙasusuwan ƙafar beyar da alamun yanka irin na masu fiɗa, shekara wajen 300,000, abin da ke nuna fatar ake nema. Ka lura dai, kogunan Shwabiya ana rufe su da hunturu, lokacin da jemagu ke kwanciya a ciki.

Akwai wani kaya da za a yi ƙoƙarin sayar maka a kusan duk inda ka je, a bakin ɗan rakiya ko a ƙasidar kanti, wato labarin cewa mutanen Niyandatal, wani jinsin mutanen da wanda ya ƙare, sun bauta wa beyar. Tushensa kogon Drachenloch ne a Suwizalan, sama da mita 2,400 a kan dutse, inda Emil Bächler ya jagoranci tono daga 1917 zuwa 1923, ya ce ya samu kawunan beyar jere a cikin akwatunan dutse. Masanan da suka biyo baya sun duba, suka ga zanen da ya yi na wurin ba ya jituwa da juna, kuma ruftawar rufi da shige da ficen wasu beyar sun isa su jera ƙashi haka. Labarin yana da daɗi a kunne, amma kada ka ƙara kuɗi dominsa. Ko kan nan na Chauvet, abin da aka tabbatar kawai shi ne wani ya ɗora shi.

Wuri na huɗu, birnin Bern na Suwizalan, ba sai na ja zance ba. Almarar garin ta ce sarkin da ya kafa shi a 1191 ya yi alkawarin sa masa sunan dabbar farko da ya kashe a farauta, sai aka dace da beyar. Tun 1513 suke ajiye ta a cikin gari. Tsohon ramin na 1857 yana nan, kuma a 2009 aka buɗe sabon fili a gaɓar kogin Aare. Kallo kyauta ne. A gidan tarihin birnin kuma akwai ƙaramin gunkin tagulla na zamanin Rumawa, wata abar bautarsu Artio zaune, beyar na fuskantarta. Sai dai kyautar ta tsaya a bakin shinge, domin kwanan otal ɗaya a Suwizalan zai iya cinye maka kuɗin kwanaki a Romaniya. Idan hanya ta biyo da kai, ka tsaya rabin yini. Da hunturu kuwa kada ka wahalar da kanka, dabbobin suna barci.

Da ni ne da kuɗin tafiya ɗaya, Ardèche zan nufa, a watan Mayu ko Satumba, lokacin da cunkoso ya yi sauƙi. Mai iyali da ƙaramin guzuri ya tafi Chișcău. Wanda ke zaune a kudancin Jamus ya ware Asabar da Lahadi ya haɗa Erpfingen da Blaubeuren, amma ya duba ranakun buɗe Hohle Fels kafin ya fito, don ba kullum ƙofarsa ke buɗe ba.