Gargaɗi ga masu jinyar ciwon daji: ku yi hattara da masu sayar da "maganin narkar da jini"

Akwai wani salon damfara da ake yi wa masu ciwon daji da danginsu a Facebook, TikTok da zaurukan WhatsApp, wani lokaci ma a bakin ƙofar asibitocin koyarwa. Mai tallan zai ce asalin kansa, wato ciwon daji, mataccen jini ne da ya daskare a jijiyoyi, kuma yana da ruwan magani ko kafso da zai narkar da shi, ya wanke jijiyoyin, ƙarin ya bushe da kansa. Mu da ke kula da masu wannan cuta muna roƙonku kada ku saya, kuma kada ku bari mara lafiya ya ajiye maganin asibiti saboda shi.

Maganar tana shiga kunne ne domin an gina ta a kan wani abu na gaskiya. Ciwon daji yana sa jini saurin daskarewa. Likitan Faransa Armand Trousseau ya bayyana wannan alaƙa tun 1865. Mai ciwon daji ya fi mai lafiya haɗarin samun gudan jini a jijiya da kusan ninki 4 zuwa 7, kuma wannan matsala tana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu cutar bayan ita kanta cutar. Dalilan sanannu ne. Ƙwayoyin kansa suna sakin sinadaran da ke kunna daskarewar jini. Ƙari yana iya danne jijiya ya rage gudun jini, doguwar kwanciya da tiyata ma haka. Wasu magungunan kamar cisplatin, tamoxifen da thalidomide suna ƙara haɗarin, haka ma bututun da ake zurawa a babbar jijiya don ba da kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa. Kansar tumbi da ta fankiriyas (gaɓar da ke bayan tumbi) ne kan gaba, sai ta huhu, ƙwaƙwalwa da ma'ajiyar ƙwan mace. To amma ku lura da yadda abin ya jeru: kansa ce ke jawo daskarewa. Ko an kawar da gudan jinin baki ɗaya, ƙarin yana nan yana girma. Mai tallan ya juya maganar ne ƙafa a sama.

Yawanci da "gwajin kyauta" ake farawa. Wani zai ba ka sandar ƙarfe da aka jona da kwamfuta ka riƙe na minti ɗaya, sai ga takardu masu launi sun fito da sakamakon "kaurin jini". Wannan na'ura ba ta taɓa jininka ba, ba ta kuma leƙa cikin jijiyarka ba. Wani kuma zai tsaga yatsa, ya ɗiga jini a kan gilashi, ya nuna maka a allo yadda jajayen ƙwayoyin jini suka jeru suna manne da juna, ya ce ga cutar nan. Jinin kowane mai lafiya yana yin haka a inda ɗigon ya yi kauri ko ya fara bushewa. Bayan ka sha maganinsa sai ya nuna maka gefen da ya fi sirara, ya ce ka ga an samu sauƙi. Gudan jinin da ke cikin jijiyar ƙafa ana ganinsa ne da hoton sikanin na Dofla, na huhu kuma da hoton siti sikan (CT) bayan an sa ruwan rini a jijiya. Hatta gwajin jini na D-dimer da ake yi a asibiti bai isa hujja shi kaɗai ba, domin yakan hau a jikin mai kansa ko da babu gudan jini.

Sai batun "toshe jijiyoyin da ke ciyar da ƙari", wanda masu tallan ke cewa maganinsu yana yi. Shi ma daga ilimi na gaske aka yanko shi. A 1971 likitan Amurka Judah Folkman ya kawo bayanin cewa ƙari ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya jawo sababbin jijiyoyin jini zuwa gare shi. Daga wannan bincike aka samu bevacizumab a 2004, maganin da ake ba da shi ta jijiya a asibiti, tare da kimo, ana lura da hawan jini da zubar jini. 'Yan kasuwa suka hau kan wannan magana suka riƙa sayar da garin guringuntsin kifin shak. An gwada shi a kan masu kansar mama, hanji da huhu, bai ƙara wa kowa kwana ba. Har yau ana sayar da shi da ire-irensa a cikin sababbin kwalabe.

Inda abin ya fi tayar mana da hankali shi ne jijiyoyin da ƙari ke ƙerawa ba su da ƙwari. A karkace suke, bangonsu siriri, suna yoyo, kuma suna fashewa cikin sauƙi. Wato mara lafiya ɗaya yana tsakanin haɗari biyu, daskarewa da zubar jini. Kimo kuma yana rage filatilet, ƙwayoyin da ke toshe rauni. Adadinsu a mai lafiya 150,000 zuwa 450,000 ne a kowace maikurolita ta jini. Idan suka sauka ƙasa da 50,000 likita yakan rage maganin tsinka jini, ƙasa da 25,000 kuma yakan dakatar da shi. Mai sayar da kwalba a intanet bai san adadin filatilet ɗin mara lafiyarku ba, bai san lafiyar ƙodarsa ba, bai ma tambayi nauyinsa ba.

Ɓarnar tana zuwa ta hanya biyu. Ta farko, a ce wa mutum ya daina allurar tsinka jini ta asibiti saboda "sinadarin Bature" ce. Gudan da ke cinya sai ya ci gaba da girma, wani yanki ya ɓalle ya bi jini ya toshe jijiyar huhu, kuma wannan yana iya kisa cikin mintuna. Ta biyu, ya haɗa maganin asibiti da na mai tallan. Kafso na tataccen kurkur, tafarnuwa, citta ko ganyen ginkgo, da masu ɗauke da sinadarin nattokinase, suna iya ƙara zubar jini idan suka haɗu da maganin tsinka jini. Ba ɗan abin da ake sawa a miya muke nufi ba. Aspirin, diclofenac da ibuprofen ma haka suke, kuma haɗin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba yana iya ƙunsar kowannensu. Ganyen da ake kira St John's wort shi kuma akasin haka yake yi, yana raunana magungunan tsinka jini irin su warfarin da rivaroxaban har su kasa aiki. Idan mai maganin ya haɗa da ƙaho ko tsaga don "fitar da mataccen jini", ku ƙi. Kada kuma a yi wa kumburarriyar ƙafa tausa.

Maganin gaskiya yana da ma'auni. Allurar enoxaparin ana lissafa ta da nauyin jiki, miligiram 1 ga kowane kilo sau biyu a rana. Apixaban ana farawa da miligiram 10 sau biyu a rana na kwana 7, sannan a koma 5 sau biyu a rana. Rivaroxaban miligiram 15 sau biyu a rana na kwana 21, sannan 20 sau ɗaya tare da abinci. Mai shan warfarin sai an riƙa auna INR ɗinsa, wato ma'aunin saurin daskarewar jini, ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ana ci gaba na wata 3 zuwa 6 aƙalla, sau da yawa har tsawon lokacin da kansar ke aiki. Mun kawo waɗannan alƙaluma ne don ku ga irin lissafin da ake yi, likita ne zai zaɓa, domin a kansar tumbi ko hanji ƙwayoyin sha sun fi jawo zubar jini, ana fifita allura. Waɗannan magunguna ma ba narkar da gudan suke yi ba. Hana shi girma suke yi, jiki ya cinye shi a hankali cikin makonni. Masu narkarwa na gaske, irin su alteplase, ta jijiya ake ba da su a asibiti idan rai na cikin haɗari. Duk wanda ya ce ruwan kwalbarsa zai narkar da gudan jini cikin kwana uku ƙarya yake yi.

Za a nuna muku lambar NAFDAC. Ku duba ƙarshenta: idan da harafin L ta ƙare, an yi wa kayan rajistar wucin gadi ne a matsayin maganin gargajiya, kuma a jikin kwalin akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Dokar abinci da magunguna ta Najeriya ta haramta tallata wa jama'a wani abu a matsayin maganin ciwon daji.

Ku kai mara lafiya asibiti a ranar, kada a jira ranar ganin likita, idan ƙafa ɗaya ko hannu ɗaya ya kumbura da zafi da ciwo, musamman idan kaurin sharaɓa ya fi na ɗayar da fiye da santimita 3. Haka idan numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko ƙirji na suka, ko bugun zuciya ya yi sauri, ko tari ya zo da jini. Ta ɓangaren zubar jini kuma, ku lura da baƙin bayan gida kamar kwalta, jini a fitsari ko amai, haɓon da ya wuce minti 10 ana matse hanci bai tsaya ba, da matsanancin ciwon kai na kwatsam. Idan ya riga ya fara shan kayan, ku tafi da kwalbar da kwalinta, ku faɗa wa likita ranar da ya fara da yawan da yake sha, ko da kuna jin nauyin faɗa. Daga nan ku ɗauki hoton tallan da shaidar biyan kuɗi ku kai ofishin NAFDAC na jiharku.