'Yan konsat ɗin da muka ɗauko biki a unguwar Aboabo ta Kumasi

Masu tambayata kan yaran nan da suka yi wasa a bikin ƙanwata, toh wallahi sun ci kuɗinsu halak, amma ku ji sauran bayani kafin ku ba da adibas.

Kar wani ya ɗauka mawaƙa ne kawai. Mu nan Kumasi in an ce 'yan konsat an san me ake nufi, ƙungiya ce da za ta yi maka kiɗa da rawa da barkwanci da 'yar dirama duk a zama ɗaya, irin abin da su Bob Johnson suka riƙa yawo da shi gari gari tun shekarun 1930, E.K. Nyame ya zo a 1952 ya haɗa shi da kiɗan hailaif yana yi da yaren Twi, mu kuma muka taso muna kallon su Bob Okala da Nkomode da Agya Koo a talabijin lokacin Key Soap Concert Party. Waɗannan yaran zango ne, hanyar suka bi amma da Hausa.

Hajiya kakarmu tana ganinsu ta ce ai 'yan kama ne, kuma akwai ɗaya a cikinsu da ya ci sunan. Sai ya ɗauko waƙar da kowa ya sani ya juye ta ta koma yabon tuwon zafi da miyar ayoyo, ya zauna ya harɗe kamar mai ba da fatawa yana yanke hukunci kan wanda ya fara kai hannu ga nama, tsofaffin da tun safe ba su ce uffan ba har da share hawaye don dariya. Shi kaɗai ma ya isa a biya kuɗin.

Inda suka ɓata min rai, mun yi da su bayan la'asar sai dab da magariba suka iso, sannan sifikarsu sai ƙara take tana yankewa. Akwai kuma wanda ya yi shigar mata, na san tsohon abu ne a konsat, amma gaban surukai da malamai bai dace ba sam, kawu Alhaji tashi ya yi. In sun yi zafi kuma sai su zarce da Twi, baƙinmu na Kano suka zama 'yan kallo.

Ni dai zan sake ɗaukarsu. Ku nemi taku sifikar, ku faɗa musu tun ranar ciniki su wa za su zauna a wurin da abin da ba ku so, kuma kar ku cika kuɗi sai sun iso.