Gilasan nazari da suka nuna mini dangantakar Myxozoa da jelifish

Duk malamin da ke koyar da ilimin halittu ya san wahalar shawo kan ɗalibai cewa Myxozoa, ƙwayar cutar kifi da sai da madubin likita ake ganinta, 'yar'uwar jelifish ce da murjani. Wannan ne ya sa na yi odar wani akwatin gilasan nazari da aka riga aka shirya, na ɗora su a madubin likita, kuma ban yi da-na-sani ba.

Gilashin da ya fi burge ni shi ne na Myxobolus cerebralis, ɗaya daga cikin Myxozoa, wadda Bruno Hofer ya bayyana a Jamus a 1903, mai cin guringuntsin ƙananan kifaye dangin salmon har su riƙa juyi a ruwa kamar masu jiri. An rina shi da kyau. A gaban kowace ƙwaya ana ganin 'yan jakunkuna biyu masu siffar ƙwai, kowace da zare a nannaɗe a ciki. Da na canza zuwa gilashin Hydra, wata ƙaramar halittar ruwa 'yar'uwar jelifish, sai ga irin jakar nan da zarenta, wato makamin da dangin Cnidaria (su jelifish, murjani da Hydra) ke harbi da shi. Bambancin shi ne, ita Myxozoa maƙale wa jikin halittar da za ta shiga take yi da nata zaren. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Tun 1938 Robert Weill ya lura da wannan kama, amma sai da binciken ƙwayoyin gado ya zo aka gaskata shi.

Inda na ga gazawa shi ne ɗan littafin da ke cikin akwatin. Har yanzu ya jera Myxozoa cikin halittu masu tantani ɗaya, tsohon zancen da aka daɗe da bari. Bai ambaci tsutsar Tubifex ba, alhali tun 1984 aka san a jikinta Myxobolus cerebralis ke ƙarasa zagayen rayuwarta. Haka ma Henneguya salminicola, wata daga cikin Myxozoa, wadda aka gano a 2020 cewa ba ta numfashi da iskar oksijin, ko sunanta babu. Wannan ya ɓata mini rai, domin ɗalibi abin da ya karanta yake ɗauka.

Wanda zai saya ya tabbata madubinsa na ƙara girma sau 1000 da tabarau mai aiki da mai. A sau 400 jakunkunan kan fito, amma zaren ba ya bayyana sosai.