Kalangu ko jembe: da wanne sabuwar ƙungiya za ta fara a Maraɗi?

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka: kai da abokanka shida kuna son koyon kiɗa ku kafa ƙungiya, wasu sun ce ku sayi jembe, wasu sun ce kalangu, kuɗin da kuka tara kuma ba zai ɗauki duka biyun ba. Na taɓa kowanne da hannuna, ga abin da na gani.

Jembe kiɗan Malinke da Bambara ne, gidansa Gine da Mali. Fuska ɗaya gare shi, da hannu zalla ake bugunsa, muryoyinsa uku: ta tsakiyar fata mai kauri, ta gefe, da marin nan mai kaifi da ke tsaga kunne. Cikin ƴan makonni, bayan tafin hannu ya gama kumburi, mutum zai iya riƙe kiɗa mai sauƙi. Darussansa sun cika YouTube, domin ƙungiyoyin rawa na Gine sun kai shi Turai tun shekarun 1950. Abin da masu ba ku shawara ba su faɗa muku ba shi ne, a can gidansa jembe ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai ganguna uku da ake kaɗawa da sanda, dundunba da sangban da kenkeni, su ke riƙe masa ƙasa. Jembe bakwai babu su, hayaniya ce kawai.

Kalangu kuwa ba ya son gaggawa. Fuska biyu, ƙugu siriri, tsirkiya ta haɗa fatun biyu. Ka matse shi a hammata murya ta hau, ka sassauta ta sauka. Tun da Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, shi ya sa kalangu ke magana, ya kira sunan mutum, ya faɗi takensa, mai shi ya ji daga nesa ya miƙe. Nan wahalar take, nan kuma daɗin yake. Kafin hannu ya iya, sai kunne ya haddace take da kirari, kuma dama da hagu kowanne aikinsa daban: ɗaya na bugu da sandar kiɗa, ɗaya na matsa. Za ka yi watanni kalangunka na gunaguni kafin ya furta kalma ɗaya da tsohuwa za ta gane. Ranar da nawa ya fara fitar da take sosai, har yau ban manta sanyin da na ji a raina ba.

Wannan ba a koyonsa a waya, sai an zauna gaban makaɗi. Kuma ba zai miƙa maka uwar kalangu ranar farko ba. Ƙaramin kuntuku ko ɗan karɓi zai ba ka, ka yi ta riƙe kiɗa guda ba ka kauce ba, har ya yarda da kunnenka. Kada ku raina wannan tsari, don shi ne ƙungiyar da kuke nema: mai uwa ɗaya yana magana, ƙananan suna riƙe masa, sauran ƴan amshi. Ku bakwai kun isa cif.

Sai maganar inda za ku kaɗa. Jembe na da wurinsa a gidan matasa, da ƙungiyoyin rawa na dandamali, da bukukuwan lakwal, da tarukan faɗakarwa. Amma biki da suna da dandali da dambe, a Maraɗi kalangu da ganga ake kira. Je ka filin kokawa mai sunan Kantu, ɗan Maraɗin da ya ɗauki takobin farko na gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, ka duba abin da ke tsuma ɗan kokawa. Takensa ne da kirarinsa, jembe kuwa bai san su ba.

Wajen gyara ma kalangu ya fi sauƙi a nan. Fatarsa siririya ce, tana saurin fashewa, amma garin jar akuya muke, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, kuma duk makaɗin kirki ya iya ɗaura fatarsa da kansa. Jembe na buƙatar zobban ƙarfe da igiyar leda da wanda ya iya ɗamewa, irinsu kuma ba su da yawa a gari. Dukansu biyu damina na sa su saki, hunturu na busar da su, don haka kada a bar su a rana ko a ƙasa mai laima.

Akwai abu ɗaya da jembe ya fi sauƙi, ba zan ɓoye maka ba. A wurinmu kiɗa sana'ar gado ce, kalangu kuma an san shi da mahauta da roƙo. Uban da zai ƙyale ɗansa da jembe, yana ganin wasan ƴan makaranta ne, zai iya ɗaure fuska in ya ga kalangu a hammatarsa. Ku yi magana da iyayenku tun kafin ku sayi komai. Ni dai ina jin zafin ganin tsofaffin makaɗanmu na tafiya da taken da ba wanda ya karɓa, alhali samarinmu na haddace kiɗan Konakiri.

Da ni ne kai, kalangu zan fara da shi, in ƙara ganga ɗaya don kauri, jembe ya biyo baya in ƙungiya ta tsaya da ƙafarta. Ku sayi goro ku je gaida sarkin makaɗa, ku nemi ya haɗa ku da wanda zai koya muku. Kuma ku bar malamin ya zaɓa muku kalangun da kansa, don wanda ake rataye wa baƙi a shagon kayan ado ba ya magana.