Digirin ilimi na musamman ko bitar 'yan kwanaki?

Malamai a Jos sun yi ta tambayata: mai son taimaka wa ɗalibai masu otizam (lalurar da ke sa mu'amala da mutane ta yi wa yaro wuya) ko wahalar karatu, digiri zai yi ko bita?

Digirin koyar da masu buƙata ta musamman a Jami'ar Jos shekara 4 ne, ga kuɗin makaranta, amma iliminsa na tare da kai har ritaya.

Bita kuwa arha ce, cikin hutu ake gamawa. Kana dawowa aji ka zaunar da yaron da hayaniya ke firgitarwa nesa da taga, ka raba masa aiki kaɗan-kaɗan. Haɗarinta, malami ya ɗauki kansa likita ya fara laƙaba wa yara cuta. Wannan yana ci mini rai.

Matashin da ke son ƙwarewa, digiri ya fi masa. Malamar nazare ko lakcaran da ɗalibai ke gabansa yanzu, bita ta fi dacewa.