Kafin ka haɗa ejan ɗin AI da saƙonnin kai tsaye: MQTT, Kafka, NATS ko na haya?

Wani Alhaji mai gonar kaji can bayan Mando ne ya jawo wannan rubutun. Ya kira ni ya ce injiniya, so nake a sa min abin nan AI ya riƙa lura da zafin ɗakunan kaji, in abu ya ɓaci ya turo min saƙo da Hausa, kar a turo min lambobi ni ba ɗan boko ba ne. Duk wanda ya san Kaduna a watan Maris da Afrilu ya san dalilinsa, rana ɗaya fanka ta tsaya da azahar sai ka kwashi asara. Na ce Alhaji ba damuwa, ashe damuwar na gaba, kuma ba a AI ɗin take ba, a bututun da zai kai masa labari take.

Abu na farko da mutane ba sa ganewa, ni ma da farko haka, shi ne AI ba ya zama yana sauraro. Kiransa ake yi ya amsa ya koma ya yi shiru. Ko MCP ɗin nan da Anthropic suka fitar a Nuwamba 2024, wanda ke ba ejan, wato AI ɗin da aka ɗora wa aiki, damar taɓa wasu manhajoji, galibi ejan ne ke miƙa hannu ya tambaya. To dole akwai ɗan ƙaramin furogiram a tsakiya da zai kwana a bakin ƙofa yana karɓar saƙonni, shi ne zai ga wanne ya kai a tashi AI saboda shi. Yi lissafi da kanka: sensa ɗaya da ke turo zafi duk daƙiƙa 10 tana turo saƙo 8,640 a rana, mu guda 5 muka sa, 43,200 ke nan, a wata kusan miliyan 1.3. In ka ce kowanne sai AI ya karanta, kuma da dala ake biyan tokin, wato guntayen kalmomin da ake ƙirga kuɗin AI da su, wallahi kajin ma ba za su biya ba. Mu sai zafi ya haura digiri 33 ya daɗe minti 5, ko sensa ta yi shiru, sannan ake tashinsa.

Bututun da na fara da shi shi ne Redis Pub/Sub, tsarin yaɗa saƙo na manhajar Redis, saboda dama yana kan sabar kuma layi uku ne ka gama, kuma kuskurena ne ba nasa ba, a takardunsa an faɗa ƙarara cewa wanda ba ya nan lokacin da saƙo ya fita ya rasa shi ke nan, kamar mai shela a unguwa, ya wuce kana banɗaki to sai dai ka tambayi maƙwabta. Wata rana furogiram ɗina ya faɗi wajen ƙarfe 2 na rana, na tashe shi bayan la'asar, duk abin da ya faru tsakani babu ko alama. Allah ya rufa asiri yaron gona na nan ya ga fanka ta tsaya. In dai Redis kake so to ka ɗauki Streams, wanda ya zo da siga ta 5.0 a 2018, shi yana ajiye saƙo har ka dawo ka ɗora daga inda ka tsaya.

Daga nan na koma MQTT, kuma gaskiya ga irin aikinmu na nan shi nake ba mutane shawara. Tarihinsa ma ya isa hujja, a 1999 Andy Stanford-Clark na IBM da Arlen Nipper suka ƙirƙiro shi don lura da bututun mai ta tauraron ɗan adam, inda data ke da tsada kuma layi na yankewa, kaga kenan kamar da mu aka yi shawara. Akwai manhajar da ake kira dillali a tsakiya, sensa ta kai masa kaya, mai so ya karɓa a wajensa, kan saƙon ma zai iya zama bayit 2 kacal, don haka ɗan layin data na wata zai riƙe ka. Yana da matakai uku na isar da saƙo, 0 jefa ka manta, 1 sai ya isa amma zai iya isa sau biyu, 2 sau ɗaya tak amma da yawan kai-kawo. Ni 1 nake amfani da shi, in ka buɗe zama mai ɗorewa dillali zai riƙe maka saƙonni har furogiram ɗinka ya farfaɗo. Sai dai ka sa wa kowane saƙo lamba ka riƙa dubawa, in ba haka ba ejan zai turo wa Alhaji gargaɗi ɗaya sau biyu, kuma ya taɓa yi, ya kira ni yana cewa injiniya wannan abin naka da surutu yake.

Abin da ya fi burge ni a MQTT shi ne wasiyya, kuma sunanta ke nan a tsarin. Sensa tana haɗuwa za ta bar wa dillali saƙo ta ce in ka ji ni shiru ba sallama ka sanar da jama'a. To a gonar da wuta ke ɗaukewa, batirin sola ke mutuwa da asuba, sabis ke tafiya yawo, shirun sensa ya fi lambar da take turowa muhimmanci. Mosquitto, dillalin MQTT da nake amfani da shi, kyauta ne, har a ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi yana tashi. In ba ka son riƙon saba akwai HiveMQ da EMQX da ke bayar da haya. Dan Allah kar ka bar ƙofar 1883 a buɗe ga intanet, ita ba ta ɓoye komai, 8883 ake bi da TLS, mai ɓoye abin da ke cikin saƙo, da kalmar sirri.

Kafka kuma, kai. Duk yaron da ya kalli bidiyo biyu sai ya ce Kafka, saboda a LinkedIn aka haife shi aka sake shi ga kowa a 2011 kuma manyan kamfanoni na amfani da shi. Yana da kyau, ba musu, rijista ce doguwa da ke riƙe saƙonni kwana 7 in ba ka canza ba, ejan zai iya komawa baya ya karanta na jiya da shekaranjiya, kuma tun siga ta 4.0 a 2025 an rabu da wahalar ZooKeeper, wata manhaja daban da a da sai da ita yake aiki. Amma yana cin RAM, yana son mai kula da shi, kuma ƙaramar na'ura irin ESP32 da ake haɗa sensa da ita ba za ta yi magana da shi kai tsaye cikin sauƙi ba, sai ka sake sa MQTT a gaba. Ɗauko tirela ne don kai buhu ɗaya Kasuwar Bacci. In kana da POS dubbai ko harkar kuɗi da ake son a bi sawun kowace shiga da fita, nan ne wurinsa.

NATS na tsakiya ne, fayil ɗaya da aka rubuta da yaren furogiram na Go, ka sauke ka kunna. Haka tsurarsa shi ma mai shela ne, sai ka kunna JetStream yake ajiya. Inda ya fi kyau shi ne in ejan ɗinka ba ɗaya ba ne, wannan na tambayar wancan yana jiran amsa, don tambaya da amsa a jikinsa take. Da yau zan fara aikin da ya fi gonar kaji girma da shi zan gwada.

Sai na haya irin Ably, Pusher da PubNub. Waɗannan ba ruwanka da saba, kuma in abin da kake ginawa hira ce a burauza ko manhajar waya, inda amsar AI ke fitowa kalma kalma, ko kwastoma na kallon ɗan aike a taswira daga Barnawa zuwa Kawo, sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ka dai karanta yadda suke ƙirga, a Pusher saƙo ɗaya da ya je wa mutum 50 ba ɗaya ake rubuta maka ba, kowane mai karɓa ana ƙirga shi. Ga biyan dala, yau naira ta motsa lissafinka ya rushe, ka tabbata kuma katinka na wucewa kafin ka gina komai a kai. Firebase ma na nan, na kyautar yana tsayawa a haɗi 100 lokaci guda, ya ishi gwaji.

Abu ɗaya da ba ruwansa da wanda ka zaɓa: izini. Ejan da ke karanta saƙo yana iya ɗaukar abin da ke ciki a matsayin umarni, musamman in mutane ne ke rubutawa ba sensa ba. Ni a Mosquitto na ba shi karatu kawai a layin sensa, layin kunna janareta kuwa ba shi da hannu a ciki, sai Alhaji ya amsa da eh. Ya so a bar wa AI ɗin komai, na ce ranka ya daɗe bari mu ga hankalinsa tukuna.

Ƙarshen bututun ma sai da ya ba ni aiki. WhatsApp na kasuwanci ba ya barinka ka tura saƙon da ka ga dama in awa 24 ta wuce mutum bai yi maka magana ba, sai da samfurin saƙo da aka amince da shi tun farko, to Hausar da AI ya tsara ba za ta fita haka kawai ba. Telegram ya fi sauƙi kuma kyauta, amma Alhaji ya ce shi bai san wannan ba kuma ba zai koya ba. Yanzu dai samfurin ne ke fara zuwa, mai cewa misali ɗaki na 3 ya yi zafi, in ya amsa sai ejan ya ci gaba da bayani, ga SMS a gefe saboda ranar da data ta ƙare. Raspberry Pi ɗin na cikin ofishin gona a kan inbata, na ɗora shi a saman kanta saboda ɓeraye sun riga sun ci min wayar wuta ɗaya.