FTIR, Raman ko XRF: wace na'urar awon haske ta dace da ɗakin gwaje-gwajenku?

A watan Fabrairun 2021 motar bincike ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, mai suna Perseverance ta sauka a duniyar Mars ɗauke da na'urori daban-daban na nazarin duwatsu: PIXL mai aiki da hasken eksire, da SHERLOC mai aiki da dabarar Raman, da SuperCam mai harba leza ta ƙona ɗigon dutse ta karanta hasken da ya tashi. Injiniyoyin da suka ƙera ta suna lissafin nauyin kowane abu da za su ɗora mata, amma duk da haka ba su taƙaita ga na'ura ɗaya ba, domin kowacce tambayar da take amsawa daban ce. Shugaban ɗakin gwaje-gwajen da kuɗinsa bai wuce na na'ura ɗaya ba ya kamata ya fara daga nan, ya rubuta tambayar da aikinsa ya fi yi a kullum kafin ya buɗe takardar tallan kowane kamfani.

Tambayoyin ba su wuce uku ba. Ko dai ana son sanin tushen sinadaran da ke cikin samfur, kamar dalma da jan ƙarfe da zinare, ko ana son sanin irin haɗin da ƙwayoyin zarra suka yi har suka zama magani ko roba ko mai, ko kuma ana son sanin yadda suka jeru a cikin daskararren abu. Lu'ulu'u da girafayit, wato baƙin da ke cikin fensir, duka kabon ne zalla, kuma jeruwar ƙwayoyin ce kawai ta raba su. Na'urar da ke ƙirga tushen sinadarai ba za ta taɓa bambanta su ba, komai tsadarta.

Idan tambaya ta farko ce ke gabanku, XRF ce ta fi saurin ba da amsa. Tana haska samfur da eksire, kowane tushen sinadari ya mayar da hasken da ya keɓanta da shi, bisa ƙa'idar da Henry Moseley ya gano a 1913. Ta hannu ana ɗora bakinta a kan ƙarfe ko dutse, a danna, cikin 'yan daƙiƙoƙi sakamako ya bayyana ba tare da an lalata komai ba. Sai dai tana da makanta da masu talla ba su cika faɗa ba: mafi yawan na hannu daga maganiziyam suke fara gani zuwa sama, ba sa ganin kabon ko litiyam. Misali, za ta raba ƙarfe mara tsatsa mai lamba 304 da mai lamba 316 cikin sauƙi, domin na biyun yana da molibdinam kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, amma ba za ta raba 304 da 304L ba, tunda bambancinsu ƙarancin kabon ne. Mai irin wannan buƙata, ko mai binciken batirin litiyam, gara ya duba LIBS mai aiki da leza, ko da yake tana barin ɗan tabon ƙuna. Haka kuma saman abu XRF ta fi karantawa, don haka fenti ko tsatsa ko rufin wani ƙarfe na iya yaudarar ta, kuma ƙasashe da yawa suna buƙatar izinin hukuma kafin a mallaki na'ura mai fitar da eksire. Wanda yake neman ɗan ɓurɓushin guba a ruwan sha, abin da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan ba, ICP-MS, na'urar da ke tantance tushen sinadarai ta hanyar nauyin ƙwayoyinsu, ce ta dace da shi, amma ya sani tana shan iskar agon kimanin lita 15 a kowane minti, kuma sai an narkar da daskararren samfur da asid kafin a zuba mata.

Tambaya ta biyu ita ce inda gizo ke saƙa, domin FTIR da Raman duka motsin haɗin ƙwayoyin zarra suke aunawa, shi ya sa masu saye kan ɗauka ɗaya za ta iya maye gurbin ɗaya. FTIR tana auna yawan hasken infirared da samfur ya shanye. A da sai an niƙa samfur tare da gishirin KBr an matse shi ya zama faifai mai shara-shara, aiki mai cin lokaci da danshi ke ɓatawa. Yanzu akwai abin da ake kira ATR: ɗan lu'ulu'u ne da bai fi kan ashana ba, ana zuba masa ɗan garin samfur, a murɗa matsi har ya kama, kafin minti ɗaya zanen awon, wato layin da ke nuna alamun abin da ke cikin samfurin, ya fito, a goge wurin da auduga a ɗora na gaba. A ganina, duk wanda zai sayi FTIR yau kada ya karɓe ta ba tare da wannan lu'ulu'u ba, ko da zai rage wasu kayan haɗi. Rauninta babba shi ne ruwa, wanda ke shanye infirared sosai har ya rufe alamun abin da ake nema, kuma ba ta iya karatu ta cikin kwalbar gilashi.

Raman kuwa, wadda ta samo sunanta daga masanin Indiya C. V. Raman da ya gano ta a 1928 kuma ya karɓi kyautar Nobel a 1930, tana haska samfur da leza ta karanta ɗan ƙanƙanin hasken da ya tarwatse da sauyin launi. Ruwa ba ya damun ta sosai, kuma tana karantawa ta cikin gilashi ko leda mai shara-shara, abin da ya sa masana'antun magunguna ke tantance kayan da aka kawo musu ba tare da sun kwance buhu ba. A binciken sababbin kayan kabon ba ta da na biyu. Tun bayan da Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ware girafin, wato shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, a Jami'ar Manchester a 2004, masu bincike ke dogara da alamun Raman na wajen 1350 da 1580 da 2700 a ma'aunin awon don sanin yawan lahani da yawan shimfiɗun da ke cikin samfur. A nazarin ɓurɓushin roba da ke gurɓata ruwa ma, FTIR mai madubin ƙara girma kan tsaya a ɓurɓushi mai girman wajen maikiromita 10 zuwa 20 (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), Raman kuwa tana gangarawa zuwa kusan 1.

Amma Raman tana da abokin gaba guda wanda ya sa na'urori da yawa zama a kabad, wato ƙyallin da wasu samfura ke fitarwa da kansu idan leza ta taɓa su. Rini, da ɗanyen mai, da ƙasa, da tsirrai duk suna yin haka, sai mai aiki ya ga tudu ɗaya mai faɗi a fuskar kwamfuta maimakon alamu masu tsini. Saboda haka zaɓen leza shi ne rabin sayen. Lezar da tsawon zangon haskenta ya kai nanomita 532 tana ba da alama mai ƙarfi kuma ta dace da kabon da ma'adanai, amma ita ta fi tayar da ƙyalli. Mai 785 tsaka-tsaki ce, shi ya sa ta fi yawa a na'urorin hannu. Mai 1064 tana kashe yawancin ƙyallin, sai dai alamarta ta fi rauni, ana ƙara mata ƙarfi, ƙarfin kuma na iya ƙona samfur mai duhu. Idan samfuranku masu launi ne kuma busassu, FTIR ta fi kwanciyar hankali. Idan a cikin ruwa suke, ko a rufe, ko kayan kabon ne, Raman ce za ta biya buƙata.

Akwai wasu na'urori biyu da ba sa buƙatar dogon bayani. UV-Vis, mai auna yawan hasken alturabayolet da hasken da ido ke gani da samfur ya shanye, ita ce mafi sauƙin kuɗi da sarrafawa, kuma ta ƙware wajen auna yawan abin da aka riga aka sani a cikin ruwa, amma ba ta iya faɗin sunan abin da ba a sani ba. A tuna kuma awon ƙasa da nanomita 300 yana buƙatar mazubin kwaz, domin gilashi na shanye wannan haske. XRD kuwa, mai amfani da eksire wajen gano yadda ƙwayoyin zarra suka jeru, ita ce mai amsa tambaya ta uku, kuma masu aikin siminti da ma'adanai da kayan batir ba su da makawa gare ta.

Kuɗin sayen na'ura somin taɓi ne. Fitilar dutiriyam ta UV-Vis tana ƙarewa bayan awoyin aiki dubu ɗaya ko biyu, FTIR tana buƙatar a riƙa sauya mata abin tsotse danshi, wasu kamfanoni kuma daban suke sayar da taskar zanen awon da ake kwatanta sakamako da ita, alhali na'urar da ba ta da taskar da ta dace da fanninku ba za ta ba ku sunan komai ba. A nemi a rubuta a yarjejeniya tsawon garanti, da horar da ma'aikata, da kwanakin da injiniya zai ɗauka kafin ya iso idan ta lalace, da ko ana iya fitar da sakamako zuwa wata manhaja. Sannan kafin a sa hannu, a tura wa kamfanoni biyu ko uku samfura iri ɗaya, a haɗa da mafi wahala a cikin aikinku, mai duhu, mai danshi, mai gauraye, da guda ɗaya wanda kun riga kun san amsarsa ba ku faɗa musu ba. A roƙi ɗanyen sakamakon kamar yadda ya fito daga na'ura, kafin manhaja ta gyara shi, tare da bayanin tsawon lokacin da kowane awo ya ɗauka.